Daga Bakin Rumfa: Dajin Bagaruwa a Tsakiyar Khartum

Wanda ya taɓa zama Khartum ya san dajin Sunut, a gaɓar Farin Nilu, dab da mahaɗarsa da Shuɗin Nilu. Sunut ɗin nan bagaruwarmu ce, wadda majema ke jima da ita. A da, idan kogi ya cika da damina, ruwa kan mamaye dajin, amma bishiyoyin ba sa mutuwa. In ya janye, sai zalɓe da balbela da tsuntsayen da suka gudo wa sanyin Turai su sauka kiwo. Kafin yaƙi, nan ɗaliban jami'a kan je nazarin tsuntsaye, iyalai kuma shan iska.

Da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023, gas ɗin girki ya yi wuya, aka far wa dajin da gatari. Ban ga laifin mai neman hura wuta ba. Amma mu masu sarin gawayi buhu-buhu, mu riƙa tambayar inda aka ƙono shi. In kuma akwai irin wannan wuri a garin da kuke kasuwanci, ku kai yara su san tsuntsu da sunansa tun wurin yana nan.

Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.