Kullum Muna Kano, Amma Ba Mu San Ƙofar Gidan Makama Ba

Rubutun wannan makon zai ɗan yi ɗaci, sai a yi haƙuri.

Babu ranar da motoci ba sa tashi daga Bagwai zuwa Kano. Mu bi ta Bichi, mu wuce Dawanau, mu shiga birni. Wani Kantin Kwari ya nufa, wani Singa, wani dubiya a asibitin Murtala. In an gama, samarinmu su zarce Ado Bayero Mall su ɗauki hoto su ɗora a Facebook. To mu tambayi kanmu tsakani da Allah: mutum nawa ne a cikinmu suka taɓa taka Gidan Makama?

Gidan nan yana dab da fadar Sarki, kuma ya haura shekara 500. Tarihinsa yana haɗe da Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarautar Kano daga 1463 zuwa 1499. Yau gidan adana kayan tarihi ne. A ciki akwai tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari, da sulke da sauran kayan yaƙi, da kayan kiɗan fada, da hotunan zamanin da Turawa suka ci Kano a 1903. Ginin kansa abin kallo ne, domin aikin maginanmu ne na ƙasa da azara. A Nasarawa kuma ga Gidan Ɗan Hausa, inda Baturen nan Hanns Vischer ya zauna, wanda ya fara makarantar boko a Kano a 1909. Duk ɗan boko a cikinmu daga nan igiyarsa ta faro, amma sai ka ga mai difloma bai san hanyar gidan ba.

Mun san amsar da za a ba mu. Na farko a ce ana fama da abin sakawa a baki, wa yake ta tarihi? Gaskiya ne ana cikin matsi. Amma wanda ya iya biyan kuɗin mota zuwa Kano da dawowa, ya sayi data ta mako, ɗan abin da ake karɓa a ƙofa ba zai gagare shi ba. Na biyu a ce wurin gumaka ne, harkar Turawa ce. Wanda ya faɗi haka ya tona wa kansa asiri cewa bai taɓa shiga ba. Tun yaushe takobin kakanka da sirdinsa suka zama gunki?

Abin da ya fi ba mu haushi shi ne baki biyu. A 2022 da Jamus ta dawo wa Najeriya da wasu daga kayan tagullar Benin da sojojin Ingila suka wawashe a 1897, nan muka cika intanet da cewa a dawo mana da sauran. Madalla. Amma na hannunmu fa? A 2010 aka rushe tsohuwar Ƙofar Na'isa don faɗaɗa titi. Ganuwar da Sarki Gijimasu ya fara ginawa kusan shekara 900 da suka wuce, ga ta nan ana ta cinye ta da gine-gine muna kallo. Abin da ba ka taɓa zuwa ka gani ba, ranar da za a rushe shi ba za ka ji zafi ba. In mai kaya ya rena kayansa, ɓarawo ba zai ji kunyar ɗauka ba.

Hukuma ma ba za mu ƙyale ta ba. A Ingila, tun 2001 manyan gidajen tarihi na ƙasa kyauta ake shiga, har ɗan yawon buɗe ido. Mu ba mu ce a yi haka gaba ɗaya ba. Muna kira ga hukumar gidajen tarihi ta ƙasa da gwamnatin Kano su ware rana ɗaya a mako, ɗalibi ya nuna katinsa ya shiga kyauta. Shugabannin makarantun Bagwai kuma, in an tashi kai yara yawon buɗe ido, kada a tsaya a gidan zu kaɗai.

Mu marubuta namu ya fi nauyi. Muna rubuta labarin sarakuna da mayaƙa, alhali ba mu taɓa ganin sulke ido da ido ba. Zuwa da kai ya fi aike. Duk wanda zai shiga Kano a wannan watan, ya ware awa ɗaya ya leƙa Gidan Makama, ya dawo ya faɗa mana abu ɗaya da ya gani. Wanda kuma yake ganin ɓata lokaci ne, ga fili, ya kawo hujjarsa.