Sallama a Ƙofar Waya: Izinin da Manhajojin Burauza Ke Nema

Gabatarwa

Tsarin gidan Bahaushe ya ginu ne a kan sirri. Baƙo yakan tsaya a ƙofa ya yi sallama, idan an amsa masa ya zauna a zaure, ba ya wuce nan sai da yardar maigida. Sai ga shi a yau akwai wani baƙo da ke shiga har ƙuryar ɗaki ba tare da an tantance shi ba, wato manhajar burauza, wadda ake buɗe shafukan intanet da ita a wayar hannu. Ra'ayin wannan maƙala shi ne, izinin da mutum ya bayar bai fahimci abin da aka roƙe shi ba, ba izini ba ne, kuma malamin Hausa yana da rawar takawa wajen gyara wannan lamari.

Yadda Ake Bayar da Izinin

Tun da wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001, ta zama abokiyar sana'a. Manomin shinkafa a fadamar Gulma da masunci a Argungu da ɗan kasuwa a Birnin Kebbi duk da ita suke jin farashi, da ita suke tura kuɗi. Wasu wayoyin suna zuwa da burauza a cikinsu, wasu kuma a shagon cajin waya ake ɗora musu irin su Opera Mini ko UC Browser ko Phoenix. Daga 2015, wayoyin Android suka fara tambayar mai waya kafin manhaja ta taɓa kyamara ko makirufo ko lambobin jama'a ko bayanin wurin da yake. Sai dai galibi da Turanci tambayar ke fitowa, kuma sau da yawa yaron shago ne ke danna amincewa cikin gaggawa, mai wayar yana tsaye bai san an buɗe ƙofarsa ba.

Gaskiya ne burauza tana da uzuri a wasu buƙatunta. Tana neman ma'ajiyar waya don ta adana abin da aka sauke, tana neman makirufo idan za a yi bincike da murya. Opera Mini ma ta samu karɓuwa ne saboda tana matse shafuka a na'urorin kamfaninta kafin su iso, abin da ke rage cin data. Amma tambayar ita ce, mene ne haɗin karanta labarai da lambobin dangin mutum? Bahaushe ya ce banza ba ta kai zomo kasuwa. Manhajar da ake bayarwa kyauta, da tallace-tallace take samun kuɗi, su kuwa masu talla bayanan mutane suke so.

Abin da Ya Riga Ya Faru

Wannan fargaba tana da tushe. A 2015, cibiyar bincike ta Citizen Lab da ke Jami'ar Toronto a Kanada ta gano cewa UC Browser, musamman samfurinta na Sinanci, tana aika lambar shaidar waya da ta layi da bayanin wurin da mutum yake ba tare da ingantacciyar kariya ba. A 2020 kuma ƙasar Indiya ta sa ta cikin manhajoji 59 da ta haramta, bisa dalilan tsaro da sirrin jama'a.

A nan gida, manhajojin bayar da bashi ne suka nuna ƙarshen illar izini irin wannan. Sukan kwashe lambobin da ke wayar wanda ya ci bashi, idan ya makara wajen biya sai su aika wa surukansa da abokan aikinsa saƙon cin mutunci. Lamarin ya kai ga hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, wato FCCPC, ta far musu a 2022, kamfanin Google kuma ya hana irinsu taɓa lambobi da hotuna a 2023. Waɗannan ba burauza ba ne, amma ƙofar da suka bi ita ce dai wadda burauza ke ƙwanƙwasawa. Tun da aka wajabta haɗa layin waya da lambar NIN a ƙarshen 2020, duk bayanin da ya fita game da layi yana iya kaiwa ga mai shi.

Aikin Malamin Hausa

Doka ba ta yi shiru ba. Sashe na 37 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya kare sirrin ɗan ƙasa har da maganarsa ta waya, Dokar Kare Bayanai ta 2023 kuma ta shar'anta cewa yarda ta kasance bisa sani. To amma doka tana Abuja, wayar kuwa tana aljihun mutumin Gulma. Wanda zai haɗa su shi ne malami.

Ɗalibin da ya fito daga Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie da ke Argungu ko wata irinta zai iya mayar da wannan batu darasin fassara da ƙirƙirar kalmomi. Ya kawo saƙonnin neman izini aji, ɗalibai su juya su zuwa Hausa mai sauƙi, su tattauna wanne ya dace a amsa, wanne ya kamata a ƙi. Ya nuna musu cewa a saitin waya ana iya janye izinin da aka riga aka bayar, kuma ana iya taƙaita shi ga lokacin amfani da manhaja kaɗai. Yaron da ya koyi haka zai duba wayar mahaifinsa da ta mahaifiyarsa.

Kammalawa

Ba a ce a guji burauza ba, domin ta zama hanyar ilimi da kasuwanci. Abin da ake kira gare shi shi ne, hukuma ta matsa wa kamfanoni su riƙa neman izini da harshen da mai waya ke ji, malamai kuma su koyar da ma'anar abin da ake nema tun kafin hakan ta samu. Rigakafi ya fi magani, domin bayanin da ya riga ya fita daga waya ba a iya kiransa ya dawo.