Amana Ce Jari: Darussa Daga Sana'ar Gina Shafukan Intanet

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya halatta ciniki, Ya kuma sanya albarka a cikin neman na kai. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu (SAW), wanda mutanen Makka suka san shi da laƙabin Al-Amin tun kafin a aiko shi da manzanci, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ɗan uwa mai karatu, a 'yan shekarun nan matasanmu na Baure da Zango da Daura sun zaburo wajen neman ilmin kwamfuta, musamman tun da Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da shirin 3MTT a 2023, da nufin horar da mutum miliyan 3 a fannonin fasahar zamani. Wannan abin farin ciki ne. Sai dai kusan duk wanda ya zo neman shawara, tambayarsa ɗaya ce: wace manhaja zan koya, kuma yaushe kuɗi za su fara shigowa? Ni kuwa, bayan fiye da shekara goma ina haɗa koyarwa a Islamiyya da gina wa makarantu da 'yan kasuwa shafukan intanet, ra'ayina shi ne tambayar da ta fi cancanta ita ce: me zai sa mutum ya damƙa mini abin da ba ya iya dubawa da idonsa? Domin a wannan sana'a, amana ita ce uwar kuɗi, ƙwarewa kuwa reshe ce daga cikinta.

Darasi na farko: kayan aiki suna mutuwa

Wanda ya ɗauki wata manhaja a matsayin jarinsa, ya gina ɗakinsa a bakin rafi. Kamfanin Yahoo ya rufe GeoCities a 2009, miliyoyin shafukan jama'a suka tafi da shi. Majalisun Yahoo Groups, inda Hausawa suka yi ta muhawara tun 2001 a zaure irin na Finafinan Hausa, an rufe su a Disambar 2020. A ƙarshen wannan shekarar ce kuma aka yi bankwana da Flash, wadda a da duk mai son a ce ya iya ado a shafi sai ya koye ta. Tun fitowar ChatGPT a Nuwambar 2022, aikin da ake kwana uku ana rubutawa ya zama na mintoci.

Ba ina nufin a daina koyo ba. Ina nufin duk abin da ka koya bana, akwai yiwuwar baɗi ka sake sabon karatu. Abin da ke bin mutum daga wannan zamani zuwa wancan shi ne shaidar da jama'a suka yi masa. A gari irin namu, inda kowa ya san gidan su kowa, aiki ba ta hanyar talla yake zuwa ba. Wani shugaban makaranta ne zai gaya wa ɗan uwansa cewa wane ba ya cuta.

Darasi na biyu: mabuɗin gida na mai gida ne

Tela idan ya ɓata ɗinki, mai riga zai gani. Magini idan ya karkata bango, ko yaro zai lura. Amma wanda ya ba ka aikin shafi bai san abin da ke bayan allo ba. Bai san cewa sunan adireshin shafin haya ce da ake sabuntawa duk shekara ba, ko a wajen kamfanonin waje, ko a wajen dillalan da ƙungiyar NiRA ta amince da su, wadda aka kafa a 2005 don kula da adireshin da ke ƙarewa da .ng. Bai san cewa bayanansa suna ajiye a wata babbar kwamfuta da ake kira uwar garke ba, wadda ita ma hayarta ake biya. Bai kuma san cewa duk wanda aka yi rajista da sunansa, kuma yake riƙe da kalmar sirri, shi ne mai gidan a zahiri ba.

A nan ne mafi yawan ɓarnar take. An taɓa kawo mini kukan wata makaranta da shafinta ya ɓace ana tsakiyar ɗaukar ɗalibai. Da aka bincika, wanda ya gina shi da sunansa ya yi rajistar komai, ya yi ƙaura zuwa birni, ya daina ɗaukar waya. Da aka same shi da ƙyar, sai ya yanka kuɗin da ya ninka na aikin farko kafin ya saki kalmar sirri. Wasu suna kiran wannan dabarar riƙe kwastoma. Sunansa na gaskiya cin amana.

Malamanmu na Malikiyya sun daɗe da gane haɗarin irin wannan matsayi. Duk wanda ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaidin Alƙairawani, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan Hijira, ya wuce ta kan mas'alar lamuncewar masu sana'a. Asali a shari'a, wanda aka ba ajiya ba ya biya idan ta salwanta ba da sakacinsa ba. Amma mai sana'ar da ya kafa kansa don yi wa jama'a aiki, kamar tela ko marini, idan ya karɓi kayan mutum ya tafi da su inda mai su ba ya gani, to shi ke da alhakin biya in sun lalace, sai fa idan an kafa hujja cewa ba shi da hannu. Dalilinsu shi ne maslahar jama'a: mutane ba su da makawa sai sun kai aiki, kuma ba su da ikon sa ido. Ba fatawa nake bayarwa ba, wannan aikin manya ne; amma ban san wata sana'a a yau da wannan illa ta fi bayyana a cikinta kamar tamu ba.

Saboda haka ƙa'idata ita ce: rajista da sunan mai aiki, da adireshin imel ɗinsa, kuma ranar da aka gama a rubuta masa kalmomin sirri a takarda a miƙa masa gaban shaida. Haka nan sunayen ɗalibai da hotunansu da lambobin iyayensu da suka bi ta hannunka, ba naka ba ne balle ka sayar ko ka nuna wa abokai. Dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a Yunin 2023 ta hana, addini kuwa ya riga ta hanawa da ƙarnuka.

Darasi na uku: a rubuta, ko da ɗan uwa ne

Mu Hausawa muna da kunya a wajen ciniki. Ka tambayi mai aiki nawa zai biya, ya ce ai ba za mu ɓata ba. Ya tambaye ka yaushe za ka gama, ka ce in sha Allahu ba da jimawa ba. Daga nan kowa ya tafi da lissafinsa a zuci, bayan wata uku a daina gaisawa a masallaci. Alhali aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, ba a kan komai ta sauka ba sai rubuta bashi da ajalinsa da kafa shaidu.

Fiƙihu yana da suna ga cinikin abin da ba a ƙera ba tukuna, wato istisna'i. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1992, ta tabbatar da ingancinsa bisa sharaɗin a bayyana nau'in abin da za a yi da siffarsa da yawansa, a kuma yanke lokacin gamawa, ta kuma halatta biyan kuɗin kashi-kashi. Idan muka ɗora wannan a kan aikinmu, ma'anarsa a rubuta: shafuka nawa, wa zai kawo rubutu da hotuna, gyara sau nawa ne cikin kuɗin, kuma wa zai riƙa biyan hayar shekara. Wannan na ƙarshe ya ɓata zumunci da yawa. Hayar uwar garke galibi da dala ake lissafinta. Kafin Yunin 2023 dala ɗaya a farashin gwamnati tana wajen naira 460. Zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Wanda ya yi alkawarin baka cewa zai riƙe shafi shekara uku a kan tsohon farashi, ko dai ya ci asara, ko ya saɓa alkawari. Layi ɗaya a takarda da ya raba gardamar.

Darasi na huɗu: ba kowane aiki ake karɓa ba

Wani aikin nasiha ce ke hana ka karɓarsa. Dillalin dabbobi a kasuwar Mai'aduwa ta ranar Lahadi, ko ɗan kasuwar hatsi a Babban Mutum, wanda abokan cinikinsa suke kiransa a waya ya tura musu hoton rago ta WhatsApp, mafi yawan lokaci ba ya buƙatar shafi. Za ka iya ruɗarsa da kalmomin da bai sani ba ka karɓi kuɗinsa, amma ka sani ka sayar masa da abin da ba zai amfane shi ba. Ka gaya masa gaskiya. Ranar da ƙaninsa zai buɗe makaranta ko asibiti, ƙofarka za a ƙwanƙwasa.

Wani aikin kuwa haramci ne ke hana shi. MMM da ta daskarar da kuɗin jama'a a Disambar 2016, da CBEX da ta rushe a Afrilun 2025 da dukiyar bayin Allah, dukkansu ta shafuka masu kyan gani suka yaudari mutane, kuma hannun wani ne ya gina su. Haka shafukan caca. Kada wani ya ce ni dai aikina rubuta manhaja, abin da za a yi da ita ba ruwana. Aya ta 2 a Suratul Ma'ida ta hana taimakekeniya a kan zunubi da zalunci, ba ta kuma ware mai kwamfuta ba.

Wani zai ce

Na san wani zai ce: Malam, duk wannan wa'azi ne, kasuwa gwani take nema, kuma mai gaskiya shi ke kwana da yunwa. Amsata biyu ce. Ta farko, ƙwarewa ba kishiyar amana ba ce. A Suratul Ƙasas, aya ta 26, siffa biyu aka haɗa ga wanda ya fi cancanta a ɗauka aiki: ƙarfi da amana. Wanda ya karɓi aikin da bai iya ba, ya yi shiru, tun a nan ya fara ha'inci.

Ta biyu, tarihin kasuwancinmu ya ƙaryata wannan zance. Masanin nan Abner Cohen, wanda ya yi bincike a unguwar Sabo ta Ibadan a farkon shekarun 1960, ya bayyana yadda fataken Arewa suke kai shanu su damƙa wa mai gida, a sayar wa mahauta Yarabawa bashi, mai gida ya tsaya a matsayin lamuni. Idan mahauci ya gudu, mai gida ke biya daga aljihunsa, domin ya san ranar da labari ya iso Arewa cewa kuɗin baƙo sun maƙale a gidansa, kasuwarsa ta mutu. Da irin wannan yarda aka yi ƙarnuka ana safarar goro daga Gwanja zuwa Kano. Cinikin nesa, tsakanin mutanen da ba sa ganin juna, ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Intanet hanya ce kawai ta ƙaru.

Kira ga 'yan uwana malamai

A nan akwai aiki a kanmu. A yawancin Islamiyyunmu ɗalibi yana sauke karatu ya san tsarki da salla da azumi, amma bai taɓa jin babin ciniki da ijara da ajiya ba, alhali washegari kasuwa zai shiga, ko ya buɗe shagon POS, ko ya zauna gaban kwamfuta da asirin mutane a hannunsa. An ruwaito cewa Sayyidina Umar (RA) ya kasance yana hana wanda bai fahimci hukuncin ciniki ba yin saye da sayarwa a kasuwar Musulmi. Ya kamata mu ware wa manyan ajujuwa ko da darasi ɗaya a mako na Kitabul Buyu'i, da misalan zamaninsu: taransifa, da bashin kati, da kalmar sirri, da aikin da aka karɓi kafin alƙalami ba a gama ba.

Kai kuma matashi da ke shirin shiga wannan sana'a, koyi aikinka har ka gwanance, ka yi haƙuri da ƙaramin ciniki, ka rubuta alkawari, ka mayar wa kowa mabuɗinsa. Arziki na Allah ne, kuma abin da ke wurinSa ba a samunsa ta hanyar saɓa Masa.

Allah Ya azurta mu da halal mai albarka, Ya tsare mu daga cin haƙƙin bayinSa, Ya sa mu cika da imani. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.