Ramin Hillary: rigimar ɗan makullin da ke jikin libarba

A farkon 2025 kamfanin Smith & Wesson na Amurka ya fito da wasu tsofaffin samfurorin libarbarsa, wato Model 10 da Model 19 da Model 36, a sabon ƙira. Abin da ya sa masu bindigogi murna ba wani sabon abu ba ne da aka ƙara. Wani abu aka cire: ɗan ƙaramin rami a gefen hagu na bindigar, inda ake zura makulli a kulle ta. Fiye da shekara 20 ke nan suna tsine wa wannan rami, har sun yi masa laƙabi da "ramin Hillary".

Ga yadda abin yake aiki. Ka zura ɗan makullin ka murɗa, sai wani ƙarfe ya tare gudumar da ke dukan harsashi, wani ɗan falle kuma ya ɗago a gefenta ya nuna maka cewa bindiga a kulle take. Ko yaro ya ɗauka ya ja kunama, ba za ta tashi ba. A ji a baki, wa zai ƙi wannan?

To, asalin ƙiyayyar siyasa ce. Bayan kisan da aka yi a makarantar Columbine a 1999, birane da dama sun maka kamfanonin ƙera bindiga a kotu, gwamnatin Bill Clinton ma ta yi barazanar shiga shari'ar. A watan Maris na 2000 Smith & Wesson, wanda a lokacin mallakin kamfanin Tomkins na Ingila ne, ya ɓalle daga 'yan uwansa ya sa hannu a yarjejeniya da gwamnati. Cikin sharuɗɗan har da sa makulli a cikin bindigoginsa. Ƙungiyar masu bindiga ta NRA ta yi tir da shi, masu saye suka ƙaurace wa kayansa, ciniki ya faɗi warwas. A 2001 Tomkins ya sayar da kamfanin a kan dala miliyan 15, alhali a 1987 ya saye shi a kan sama da dala miliyan 100. Kuma wa ya saya? Saf-T-Hammer, wani ƙaramin kamfani a jihar Arizona wanda sana'arsa ita ce ƙera makullan bindiga. Ka ga ke nan mai sayar da kwaɗo ne ya gaji gidan. Ita Hillary ba ita ta sa hannu a takardar ba, sunanta ne dai ya fi daɗin zagi a bakin masu fushi.

Amma ba zan ce duk ƙorafin nasu siyasa ba ne, don akwai wanda ya kamata a saurara. Masu amfani da libarba marasa nauyi, irin waɗanda aka ƙera da gaurayen ƙarfe mai sauƙi amma suke cin harsashi mai ƙarfi kamar .44 Magnum, sun sha ba da labarin cewa girgizar harbi kan sa makullin ya kama da kansa, bindiga ta cije ana tsakiyar harbi. Ba kullum ba ne, galibin masu ita ba su taɓa gani ba. Sai dai mutum yakan zaɓi libarba ne saboda sauƙinta: ba ta da tarkace da yawa, ka ja kunama ta tashi. Wanda ya ajiye ta don ranar da ɓarawo zai fasa masa ƙofa, ko mai shiga daji inda ake gamuwa da namun dawa, ba ya son jin "ba kasafai ba". Shi ya sa wasu suke cire makullin su toshe ramin, tsofaffin bindigogin da aka yi kafin zuwan makullin kuma suka fi daraja a kasuwar 'yan gwanjo. Wasu kuwa kawai cewa suke ramin ya ɓata kyan bindigar. Wannan kam ban da ta cewa.

Ra'ayina shi ne, masu bindigar sun yi gaskiya game da makullin, amma murnar tasu ta yi yawa. Makullin bai taɓa zama maganin da aka yi alkawari ba. Mai ajiye bindiga don kare kai ba zai kulle ta ba, don ba zai tsaya laluben ɗan makulli cikin duhu ba. Mai sakaci, wanda yake jefa ta cikin durowa da harsashi a ciki, shi ma ba zai kulle ba. Mai hankalin da zai tuna ya murɗa makullin, shi ne dama yake da akwatin ƙarfe mai kwaɗo. To, wa makullin ya tsare? Kuma makulli ɗaya ne yake buɗe dukkansu, don iri ɗaya ake yin su.

Abin da ya dame ni shi ne yadda aka kwashe shekaru ana faɗa a kan rami, maganar yaran da aka ce don su aka yi shi kuwa ta bi iska. Alƙaluman hukumar CDC sun nuna cewa tun 2020 bindiga ta wuce haɗarin mota a matsayin abin da ya fi kashe yara da matasa 'yan shekara 1 zuwa 19 a Amurka. Yawancin wannan kisan kai ne da kashe kai, amma a ciki akwai yaran da suka tsinci bindigar uba a ƙarƙashin matashi. Tun 2005 dokar tarayya ta wajabta wa dillalai su haɗa wa mai sayen ƙaramar bindiga da kwaɗo ko wani abin kullewa, amma ba ta tilasta masa amfani da shi idan ya isa gida ba. Wannan an bar wa jihohi. Massachusetts, inda Smith & Wesson ya yi fiye da shekara 150 a garin Springfield, tana hukunta wanda ya bar bindiga ba a kulle ba. Jihohi da yawa ba su da irin wannan doka.

Da NRA da masu saye sun nuna cewa suna da ƙarfin durƙusar da babban kamfani cikin shekara guda. Ina so in ga sun kai wannan ƙarfi majalisun jihohinsu, sun goyi bayan dokar da za ta ce duk gidan da yake da yara, bindiga ta kwana a cikin akwati mai kwaɗo. Har yanzu dai NRA adawa take yi da irin waɗannan dokoki.