Ku Ɗauko Tef Ku Auna Filin Nan

Masu shirya gasar ƙwallo a Kamarawa da Isa da Sabon Birni, da ku nake. Kuna karɓar kuɗin rajista, kuna buga riguna, kuna gayyato ɗan siyasa ya miƙa kofi, amma a tambaye ku tsawon filin da ake wasan a kai, sai kallon-kallo. Da taku kuke aunawa, yau takun dogo, gobe na gajere. A zuba toka a ja layi, iska ta kwashe, mako mai zuwa a sake zubawa inda aka ga dama. Kada ku fake da talauci. Kowane magini a garin nan yana da tef, ko aro kuka nema zai ba ku.

Dokar ƙwallo ba ta matsa muku ba. Tsawo daga mita 90 zuwa 120, faɗi daga 45 zuwa 90. Raga faɗinta mita 7.32, tsayinta 2.44, wurin bugun fenareti kuma mita 11 daga layin raga. Ba wanda ya ce ku shuka ciyawa.

Abin kunyar shi ne, masu wasan kwamfuta sun fi ku kula da filin ƙarya fiye da yadda kuke kula da na gaske. A Amurka akwai wasan besbol, wanda ake dukan ƙwallo da kulki. Filin Polo Grounds na birnin New York an rushe shi tun 1964, amma har yau ana buga wasa a cikinsa a wasan kwamfuta na MLB The Show, da siffarsa mai ban mamaki: ƙafa 279 zuwa katangar hagu, 258 zuwa ta dama, tsakiya kuwa har 483. Masu wasan sukan yi ta gardama idan aka goce da 'yan ƙafafu, domin ƙwallon da ta haye katanga a wani fili, a wani hannun ɗan wasa za ta faɗa. Har tudun wuri suna lissafawa. Filin Coors da ke Denver yana kusan mita 1,600 sama da teku, iskarsa ba ta da kauri, ƙwallo tana yin nisa fiye da ƙima, har a 2002 aka fara ajiye ƙwallayen a ɗaki mai laima don a rage musu gudu. Mu 'yan tamaula ma mun san wannan: a La Paz, mai tudun sama da mita 3,600, Bolibiya ta zuba wa Ajantina 6 da 1 a 2009, ga Messi a fili, ga Maradona a benci. Wasan kwamfutar da ya liƙa sunan irin wannan fili ya mance da tudunsa, ƙarya ya sayar. Amma masu ƙirƙirar irin wannan wasa ana iya kama su, saboda wani ya auna ya rubuta tun filin yana tsaye.

Ku fa, me kuka rubuta? Mu da Alƙalawa take a bayan gidanmu, birnin Gobir da ya faɗi a 1808 ya zama kufai, bai kamata a koya mana yadda wuri yake ɓacewa ba.

Kuma yaran ne ke biyan bashin. Gola ya taso da gajeriyar raga, a kai shi gwaji filin Giginya a Sakkwato, a riƙa ɗaga masa ƙwallo ta saman kai. Ɗan baya ya saba da ƙunci, ya shiga cikakken fili numfashi ya ƙare masa kafin a tafi hutu. Sai a ce yaran karkara ba su iya ba. Ranar da maƙwabci ya turo kunyar gonarsa ko ya kafa tubali a gefen filin makaranta, da wace takarda za ku je gaban hakimi? Da “wallahi da can ya fi haka”?

Kafin gasa ta gaba ku auna tsawo da faɗi da raga, ku kafa turaku a kusurwa huɗu, ku rubuta da kwanan wata, kwafi ɗaya wajen hedimasta, ɗaya wajen uban ƙasa. Ku kuma kyaftin-kyaftin, kada ku biya ko sisi na rajista sai an nuna muku takardar.