Daga Ɗakin Aji: Yaro Ya Ce Zai Koma Karatu

Wani dattijon ikkilisiya a nan Dutse ya same mu da damuwa. Ɗansa ya gama jami'a, gida ya sa rai ga albashi, sai yaron ya ce zai ƙara digiri na biyu a kan tarihin kimiyya da falsafarta. Uban ya ce, "Malam, wannan karatu ba zai raba shi da Littafi Mai Tsarki ba?"

Muka ce masa aikin masu wannan karatu shi ne bin sawun yadda aka gano abu, da rarrabe hujja da zato. A can yaron zai gamu da Gregor Mendel, firist ne, wanda ya yi shekaru yana barbarar wake a lambu, ya buga sakamakonsa a 1866, duniya ba ta kula ba sai 1900. Ilimin gādon halitta daga lambun nan ya tsiro.

Mu ma da namu. Muhammad al-Katsinawi ya rubuta littafin lissafi a 1732 a kan hatimin lambobi, inda kowane layi jimlarsa ɗaya ce. Ya rasu a Alƙahira a 1741. Mu malamai mun yi shekaru muna koyar da lissafi ba mu ambaci sunansa ba, abin kunya.

Maganar kuɗi kuwa ba mu ɓoye masa ba: yawanci koyarwa ce ƙarshen wannan hanya, ga kuma ƙanne a makaranta. Muka ce yaron ya fara kama aiki, ya riƙa koyon Larabci da yamma, don littafin Bakatsinen nan da Larabci aka rubuta shi.