Dokar Hana Zagin Shugabannin Ƙasashen Waje: Darasi Daga Jamus Da Faransa

A wannan mako muna so mu duba wata mas'ala wadda ta ɗaure wa masana shari'a kai a ƙasashen Turai, watau ko ya kamata hukuma ta ɗaure ɗan ƙasarta domin ya ci mutuncin shugaban wata ƙasa dabam. Magana ce da ta shafi 'yancin faɗin albarkacin baki, ta kuma shafi zumuncin ƙasa da ƙasa, kuma sau da yawa waɗannan biyu ba su shan inuwa ɗaya.

Bari mu fara da Jamus. A da, a cikin kundin hukunce-hukuncenta akwai wani sashe, na 103, wanda asalinsa tun dokokin 1871 ne, zamanin sarakuna. Sashen ya tanadi ɗaurin da zai kai shekara 3 ga wanda ya zagi shugaban wata ƙasa, in kuwa da ƙage a ciki har shekara 5. Jamusawa sun yi masa laƙabi da sashen Shah, saboda Sarkin Iran, Muhammad Riza Pahlawi, ya sha neman a yi aiki da shi a kan masu sukarsa, musamman lokacin ziyarar da ya kai ƙasar a 1967. Amma fa ba a iya gurfanar da kowa sai gwamnatin da aka zagi shugabanta ta nemi haka, sa'an nan gwamnatin Jamus ta ba da izni.

An jima ba a jin ɗuriyar wannan sashe sai a 2016. Ran 31 ga watan Maris na shekarar, wani mai wasan barkwanci a talabijin, Jan Böhmermann, ya karanta wata waƙa cike da ashar da batsa a kan Shugaban Turkiyya, Recep Tayyip Erdogan. Ya ce nufinsa shi ne ya nuna wa mutane bambancin sukar da doka ta yarda da ita da zagin da ta hana. Gwamnatin Turkiyya ba ta karɓi wannan hanzari ba, ta nemi a hukunta shi.

Nan fa shugabar gwamnatin Jamus ta lokacin, Angela Merkel, ta shiga tsaka mai wuya, gaba kura baya siyaki. Domin kuwa ran 18 ga wannan wata ne Tarayyar Turai ta ƙulla yarjejeniya da Turkiyya a kan tare 'yan gudun hijira, kuma Jamus tana cikin masu matuƙar bukatar yarjejeniyar nan ta ɗore. In ta hana izni ta ɓata da Turkiyya, in ta bayar mutanenta su ce ta sayar da 'yancinsu. Ran 15 ga Afrilu ta ba da iznin, ko da shi ke wasu ministocinta ba su yarda ba, kuma a cikin jawabin nan ta ce za a soke sashen.

Ga yadda al'amarin ya ƙare. A watan Oktoba 2016 masu gabatar da ƙara na birnin Mainz suka janye, suka ce ba su sami isasshiyar hujjar laifi ba. A 2017 majalisar dokoki ta soke sashe na 103, sokewar ta fara aiki ran 1 ga Janairu 2018. Amma Erdogan ya kai wata ƙara ta ƙashin kansa a Hamburg, a matsayinsa na mutum kamar kowa, kuma kotun ta hana a sake maimaita mafi yawan baitocin waƙar. Wani abin lura kuma shi ne allura ta tono garma: waƙar da mutane kaɗan suka ji a daren da aka karanta ta, ƙarar ta sa duniya ta san da ita, har wani ɗan majalisa ya tashi ya karanta ta a zauren majalisa.

Labarin Faransa ya fi wannan nauyi, domin can ba a yi ashar ba. A watan Nuwamba 1995 jaridar Le Monde ta buga labarin wani rahoto da aka shirya wa Hukumar Tarayyar Turai a kan fataucin tabar wiwi daga Maroko, wanda ya ambaci wasu na kusa da fada. Sarki Hassan na Biyu ya nemi a yi shari'a bisa sashe na 36 na dokar 'yan jarida ta 1881, kuma kotun ɗaukaka ƙara ta ci shugaban jaridar, Jean-Marie Colombani, da marubucin labarin tara. Babban aibin wannan sashe shi ne ba ya ba wanda ake tuhuma damar ya kare kansa da cewa abin da ya faɗa gaskiya ne. A 2002 Kotun Turai ta Haƙƙin Ɗan Adam ta ce Faransa ta tauye 'yancin magana, ta kuma ce bai dace a keɓe shugabanni daga suka don muƙaminsu kawai ba. A 2004 Faransa ta soke sashen.

To, mene ne ra'ayinmu? Masu goyon bayan irin wannan doka suna da hujjar da ba za a raina ba. Suna cewa shugaba shi ne fuskar al'ummarsa, wanda ya zage shi ya taɓa miliyoyin mutane, kuma bakin mutum ɗaya yana iya rufe kasuwa ko ya jawo wa matafiya wahala. 'Yan kasuwarmu sun fi kowa sanin abin da ɓacin dangantaka ke jawowa wajen biza da fiton kaya.

Duk da haka muna ganin soke ta ya fi alheri, saboda dalilai uku. Na fari, dokar da ba ta tambayar ko magana gaskiya ce ko ƙarya, ba mutunci take karewa ba, mulki take karewa. Na biyu, ta sa mabuɗin shari'a a hannun 'yan siyasa, sai a hukunta mai zagin shugaban da ake neman wani abu a wurinsa, a ƙyale mai zagin wanda ba a bukata. Na uku, mutanen da aka zalunta a ƙasarsu suka gudu wata ƙasa, irin wannan doka tana bin su har can ta toshe musu baki.

Kada kuwa wani ya fahimci cewa mun halatta ashar. Malamanmu tun da daɗewa sun rarrabe tsakanin nasiha da kukan wanda aka zalunta a gefe ɗaya, da zagi da ƙazafi a ɗaya gefen. Wanda ya ce shugaba kaza ya ɗaure 'yan jarida ba bisa ƙa'ida ba, ya faɗi abin da za a iya bincikawa. Wanda ya jefe shi da alfasha ba tare da hujja ba, bai ƙari kowa da kome ba. Abin da muke cewa shi ne dokar da ta kare mutuncin ɗan dako ta isa ta kare na sarki, kuma hukuncin Hamburg shaida ne, gama kotu ta ba Erdogan haƙƙinsa ba tare da sashe na 103 ba.

Saura gargaɗi ga 'yan'uwa. Abin da Jamus da Faransa suka soke ya tsaya a ƙasashensu ne. A Turkiyya, inda fatakenmu da yawa ke zuwa sarin kaya, sashe na 299 ya tanadi ɗaurin shekara 1 zuwa 4 ga wanda ya zagi shugaban ƙasar, kuma abin da mutum ya rubuta a wayarsa ya watsa ba ya gogewa don ya hau jirgi. Ma'aikacin gwamnati kuma ya tuna cewa baƙo yakan ɗauki maganarsa tamkar ta hukumar da yake yi wa aiki. Magana zarar bunu ce. In za mu soki wani shugaba, na gida ko na waje, mu soki aikinsa, mu kawo hujja, mu bar iyayensa da iyalinsa.

Allah Ya ba mu ikon faɗin gaskiya da tsare harshe, amin. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.